Man Gyaɗa a Keken Inna

Uwani, ranar da kika kira ni daga Dungas kina tambaya sau nawa ake sa wa keken ɗinkin nan mai, na buɗe baki ke nan zan ba ki amsa rezon waya ya ɗauke. Na hau tudun bayan gida ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, bai dawo ba. Gara da ya ɗauke, don amsar da ke bakina a lokacin gajera ce, keken nan kuwa ya fi ƙarfin gajeriyar amsa. To ga doguwar. Ki karanta wa ƙannenki, musamman Habibu, wanda na ji yana ba abokansa labarin da ake yawo da shi a gari, wai kakanku Malam Habu tsabar maƙo ne ya sa ya ɗura wa keken matarsa man gyaɗa don kada ya sayi na kasuwa. Man gyaɗa kam ya sa, ba na musu. Amma maƙo, a'a. Farkonsa uwarki ta faɗa mini, sauran ina wurin, da idona na gani, wani abin kuma da kunnena na ji ta bayan zana.

Ni tun kafin in san sunana na san muryar keken nan. Baƙi ne, na takawa da ƙafa, da furanni ruwan zinariya a wuyansa waɗanda hannun Inna, kakarku, ya goge har suka koma kamar inuwa. Gidanmu na ƙarshen gari ta wajen korama, inda ake noman rake, ba nisa da Bande. Da hantsi in iska ta taso daga fadama sai ta haɗa ƙanshin danshi da na gyaɗar da ake soyawa, ta ɗauki ƙarar keken ta kai har bakin rijiya. Da ita mata masu ɗibar ruwa ke sanin Inna ta gama aikin safe. Ba telar kasuwa ba ce, ɗinkin gida take yi, zanen da ya yage, wandon yaro na zuwa lakwal karatu, rigar salla. Sai abu ɗaya da ba ta bar wa kowa: duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, rigarsa ta fari da majanyin da za a goya shi daga ƙarƙashin allurarta suke fitowa.

Da na girma ƙafata ta ƙi zama. Na yi aparanti, wato yaron mota, a kamyo mai ɗaukar kaya, daga baya na zama shofer ina ja da kaina. Na kwana Agadas, na kwana Arlit, na sha ruwan Kwatano da na Ikko. Ko'ina na je keken na biye da ni. In na miƙe bisa buhunan albasa, injin na gunji a ƙarƙashina, sai in ji gunjin yana sirancewa, yana sirancewa, har ya koma car-car-car, in ga ƙafafun Inna masu lalle suna hawa suna sauka. Wata rana a Kwatano na bi ƙarar wani keke cikin lungu har na ɓata hanya, sai na tarar da wani ƙato ba riga yana ɗinka katifa. Ya tambaye ni da harshensu me nake so, na gaishe shi da nawa, na juyo. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana. Baƙo take ce mini, wai kullum da ƙurar wata ƙasa nake shigo mata gida.

Shekarar da za a haife ki na tafi da bazara, na dawo da kaka, uwarki Mariama cikinta ya tsufa. Tun daga bakin rijiya na san da wani abu, don hantsi ne kuma garin shiru. Na yi sallama, na tarar da Inna zaune bakin ƙofarta tana ɓare gyaɗa da laluben hannu, yanar ido ta fara rufe mata gani. Keken na ciki, an lulluɓe shi da tsohon zane. Na tambaya, ta ce ya tsufa, ita ma ta tsufa, sai a bar su su huta. Na ɗaga zanen na kama hannun keken zan juya, ya ƙi, kamar wanda aka dasa cikin daddawa. Na shafa gefen allura na kai yatsa hanci. Wallahi sai na ji kamar na shiga ɗakin mai ƙuli-ƙuli.

Mariama ce ta ba ni labarin a ɗaki. Da farkon damina ɗan butalin man keken ya ƙare, korama kuma ta cika ta datse hanyar Magarya. Ga Inna ba ta ganin 'yan ramukan da ake ɗiga man, ko sauran da ke gindin butalin a gefe ta zubar. Wata Juma'a Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya bakin ƙofa yana kallonta tana lalube. Sai ya fita, ya dawo da gashin kaza da 'yar tasa, cikinta man da Inna ta matse da hannunta. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna bisa tabarma. Ita tana nuna rami da yatsa, shi yana ɗigawa.

Ku da kuka san kakanku da tsufa ba za ku gane girman wannan ba. Baba mutum ne mai tsadar magana. Daga gona sai gindin gawo wurin tsofaffi, daga gindin gawo sai masallaci. Ban taɓa ganin ya zauna cikin gida da rana ba, ko da zazzaɓi a zaure yake kwanciya. Amma Mariama ta ce tun daga ranar, kowace Juma'a sai ya shigo da gashin kazarsa, su zauna har la'asar suna magana ƙasa-ƙasa, rannan ma har dariyarsa ta jiyo, ta leƙo ta ga ko baƙo aka yi. Keken kuwa ya dinga nauyi. Baba ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara mai. Ya ƙara nauyi, ya ƙara mai. Ƙura da burbushin zare suka taru suka kama, har ranar da ya tsaya cak. Ko da ya tsaya Baba bai fasa zuwa ba, wai in aka daure zai saki.

Na ce zan kai shi Magarya wurin mai gyara. Inna ta ƙi. Yau ta ce hanya ba kyau, gobe ta ce masu gyara ɓarayin ƙarfe ne, jibi ta ce ta yi mafarki. Ni a tunanina ba ta san abin da ya kwantar da shi ba, kuma na rasa bakin da zan faɗa mata mijinta ne. Ana haka sai wata safiya Mariama ta fito da ɗan yadi mai ruwan ƙwai da ta saya tun cikin na ƙarami, ta durƙusa da ƙyar ta ce, in Inna ta yarda, za ta aika da shi Bande a ɗinka wa abin da ke tafe. Inna ta karɓi yadin tana shafawa, ta daɗe tana shafawa, ba ta mayar mata ba. Washegari ta kira ni.

"Baƙo, kai shi. Amma duk abin da mai gyara ya faɗa, ni za ka fara kawo wa, ba ubanka ba."

Na ce to. Sai dai ranar kasuwar Magarya, ina ɗaura wa jaki amalanke, na ga Baba ya fito da rawaninsa. Na ce ya huta, ni kaɗai na isa. Ya ce wanda ke jinyar mara lafiya shi ke yi wa likita bayani. Muka kwance kan keken daga teburinsa, ya naɗe shi da zane ya rungume a cinya kamar jinjiri.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. An gama girbi, dammunan hatsi jingine da juna a gonaki, gawo ya fara fitar da sabon ganye alhali sauran itatuwa na zubar da nasu, jakin na tafiya kamar mai tunanin wani abu. Baba, wanda ba ya magana, ya yi ta magana. Ya ce man kasuwar nan ruwa ne kawai aka sa a butali, ka ɗiga shi ya ɓace. Ya ce abin da ke sa ƙashin mutum ƙarfi ai ba zai cuci ƙarfe ba, kuma gyaɗar daga gonarsa ta fito, matarsa ta matse, ya san asalinta. Na lallaɓa na ce, Baba, mu a kamyo kowane wuri da irin mansa. Ya ce to shi keke ai ba kamyo ba ne, ɗan gida ne, abincin gida zai ci. Na kaɗa jaki.

Mai gyaran wani Bakano ne da ya daɗe a Magarya, Malam Ila, rumfarsa cike da kawunan kekuna jere kamar tumaki a turke. Kun san tsakaninmu da Kanawa, wasa ne tun na kakanni, ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Na so in ja shi gefe in raɗa masa, amma kafin in ɗaure jaki har ya buɗe zanen ya tambayi wa ke sa wa keken mai.

"Ni ne," in ji Baba, yana gyara zama. "Kowace Juma'a. Ban taɓa fashi ba."

Malam Ila ya kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, ya lakato wani abu baƙi mai danƙo, ya sansana, ya sake sansanawa. Sannan ya ɗaga yatsan sama don maƙwabtan rumfa su gani.

"Jama'a ku zo ku ga aikin Damagarawa. An ba su keke sun mai da shi kaskon suya. Malam, ai saura gishiri da yaji, sai mu nemo rogo."

Rumfa ta ɗauki dariya, har masu sayar da igiya na tsallake suka taso. A wata ranar Baba na da amsar Bakano a aljihu, guda nawa ma. Ranar kuwa sai ya dubi yatsan, ya dubi keken, ya yi tambaya a hankali.

"Ni na kashe shi ke nan?"

Malam Ila ba mugu ba ne. Yana ganin fuskar ya sauke yatsansa.

"Bai mutu ba, Malam. Ƙoshi ne ya yi masa yawa."

Ya wuni a kansa. Ya jiƙa shi da kananzir, ya bi kowane lungu da tsinke da tsumma, danƙon na fitowa dunƙule-dunƙule. Yana yi yana mini bayani da murya sama-sama don Baba ya ji ba tare da an ce da shi ake ba. Ya ce man gyaɗa in ya kwana biyu a ƙarfe daskarewa yake ya zama ƙaro, shi ya sa keke ke son nasa man, farin nan mai kama da ruwa. Ya ce a fara share burbushin zare a ƙarƙashin faranti da wajen ƙoshiya, inda zaren ƙasa ke zama, sannan ɗigo ɗaya a kowane rami, ɗaya tak, sai a taka shi bisa tsumma kafin a sa kayan mutane. Na ce to sau nawa? Ya ce keke bai san Juma'a ba, aiki ya sani. Mai wuni tana ɗinki kullum, mai kullum. Mai ɗinki jefi-jefi, mako-mako ya isa, ko in ta ji muryarsa ta bushe. In kuma ajiye yake, a riƙa juya shi lokaci-lokaci kada ya manta hanya.

Da za mu dawo Baba bai rungumi keken ba. Ni na ɗaure shi da igiya, shi ya bi gefen amalanke da ƙafa, hannu a baya. 'Yan garinmu da suka ci kasuwa da moto kuwa sun riga mu isa da labari.

Na ɗora kan keken bisa teburinsa, na zura wa Inna zare. Ta ɗora ƙafa, ta taka, sai ga muryar nan ta tashi, car-car-car, sabuwa kamar ta yarinya. Maƙwabta suka dinga yi mana barka ta saman zana. Ni har na ɗauka magana ta ƙare. Sai Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, Baba ya wuce gindin gawo kai tsaye. Can tsofaffi suka sa masa Mai Man Gyaɗa, yana taya su dariya, amma gida bai shigo ba sai da duhu. Inna ta shimfiɗa tabarma inda ya saba zama, ta wuni a shimfiɗe. Wata Juma'ar ma haka. Sai ta sake jan zane ta lulluɓe keken, rigarki an yanka ba a haɗa ba. Na ce in sa masa man mana in zura mata zare, ta ce hannuna na kamyo ne, in bari.

A tsakanin nan mai motar da nake ja ya aiko daga Damagaram, an yi lodi, arewa za a. Na ɗauki jakata na kai bakin zaure, na dubi gidan. Keke ya warke, mutum biyu sun kwanta a madadinsa, ga uwarki yau ko gobe. Na mayar da jakar. Ya ba wani motar, hanyar arewa kuma ban sake riƙe ta ba, shekarar rake na yi ta ɗauka da amalanke kamar wanda bai taɓa ganin teku ba. Ban yi da-na-sani ba, don da na tafi, da wa zai ba ku wannan labarin?

Wata yamma Inna ta sa na maimaita mata abin da Bakanon ya ce game da sau nawa. Na faɗa, ta ce in sake. Da na zo kan mai ɗinki kullum, sai na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce shi ke nan, in je.

Washegari da hantsi, ranar ba Juma'a ba, ina bayan ɗakinta ina gyara zanar da akuya ta huda, sai na ji takun Baba zai fita da igiya a kafaɗa. Inna ta kira shi daga bakin ƙofa.

"Malam, keken na jin ƙishirwa."

"Ga ɗanki nan. Shi ya san mai."

"Ni kai na kira."

"Hadiza, hannuna ne ya kwantar da shi. Kasuwa guda ta shaida."

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar. Na tsaya da tsinke a hannu.

"Man nan wa ya matse shi? Tun kana tsakar gida da tasar na ji ƙanshinsa. Idona ne ya tafi, Malam, hancina na nan."

"Kin sani, kika bar ni?"

"Na san zai daskare. Na ce to, ya daskare. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ga ka zauna ɗakina da rana ba sai da gashin kazar nan. Muryar keke na sha ta har na ƙoshi. Taka ce ban ƙoshi ba."

Ina jin kurciya a kan rumbu, ina jin wata na daka can nesa. Sannan na ji igiyar ta faɗi ƙasa.

"Ai yau ba Juma'a ba ce," in ji shi.

"Bakanonka ya ce mai ɗinki kullum, mai kullum. Ni kuwa daga yau kullum zan yi ɗinki. Ga allura ma ba na ganin kafarta. Cire takalmi ka shigo."

Na sulale na bar zanar da hudarta, akuya ta ci gaba da shiga har aka yi sunanki. Ban kai bakin rijiya ba na ji keken ya tashi a bayana.

Rigar ta riga ki isowa da kwana kaɗan. Tana nan cikin akwatin uwarki, ki ce ta nuna miki, a wuya akwai ɗan tabo, don hannun kakanku bai taɓa koyon ɗigo ɗaya ba. Shi ya yi miki huɗuba, shi ya zaɓi sunan, ya ce Hadiza, bai dubi kowa ba. Shi ya sa ni ban iya kiranki da shi, sai Uwani.

Kuma Inna ta cika maganarta. Kullum sai ta yi ɗinki. Ta aika gida-gida a kawo mata duk abin da ya yage. In aka rasa, sai ta warware bakin tsohon zanenta ta sake ɗinkewa, akwai zanen da na tabbata ya sha ɗinki fiye da tantin kamyo. Baba ya sani, yana kallo tana warwarewa, sai dai ya lashi bakin zare ya zura. Tsofaffin gindin gawo suka gaji da jira suka riƙa aiko masa da gaisuwa. Sunan Mai Man Gyaɗa ya bi shi har kabari, bai taɓa wanke kansa ba, don in zai wanke sai ya faɗi abin da matarsa ta ce masa, shi kuwa ya gwammace a kira shi mai maƙo.

Duk zuwana Magarya sai na sayo musu butali, ba ya daɗewa ya ƙare. Bayan rasuwarsa na sayo kamar yadda na saba, Inna ta ce in mayar, na hannunta bai ƙare ba. Bai kuwa ƙare ba har ta bi shi. Ki ja ɗan aljihun teburin, na hannun dama, za ki gan shi, saura kamar rabi.

To ke da kike ɗinki jefi-jefi tsakanin girki da goyo, mako-mako ya ishe ki, ko in kin ji muryarsa ta bushe. Ki share shi tukuna, ɗigo ɗaya, ki taka bisa tsumma. Amma in mijin nan naki, mushe mai koyar da yara, mai yawan shiru, ya dawo daga lakwal ya tsaya bakin ƙofa yana kallonki, ki ɓoye man miya, ki miƙa masa butalin. In ya tambaya sau nawa ake sawa, ki ce masa kullum.